Farautar da Kawu Salihu Bai Ci a Gwanjo Ba

Kawu Salihu, yayan mahaifiyata, mai gyaran akwatuna ne a unguwar Kudai, nan Makka. Shagonsa bai fi faɗin ƙofar gareji ba, yana kan layin da alhazai ke bi in sun sauka daga bas. In zif ya fashe saboda an danna dabino fiye da ƙima, ko taya ta fita, ko hannu ya karye, wurinsa ake kaiwa. Ya iya aikin, wannan kowa ya shaida. Amma ba ya son a kira shi da sana'ar. In baƙo ya tambaye shi ko shi wane ne, cewa yake shi ɗan maharbi ne.

Gaskiya yake faɗa. Kakana maharbi ne. Ya baro gida da niyyar aikin Hajji, ya yi shekaru a hanya. A Chadi aka haifi Kawu, a Sudan aka haifi Umma, kuma da naman daji ya ciyar da iyalinsa har suka iso bakin teku. Kawu na da shekara tara suka shigo Makka. A cikin iyakar Harami ba a farauta, ko tsuntsu ba a firgitawa, don haka kakana ya ajiye kayansa ya koma ɗinkin takalma har ya rasu. Abu biyu ya bar wa Kawu: wuƙa mai kube na fata, da labarin wani zabo da Kawu ya jefa da sanda yana ɗan shekara bakwai, a wani kwari kafin su tsallaka Sudan. Wannan zabon shi ne farautarsa ta farko, shi ne kuma ta ƙarshe. Shekara hamsin ke nan yana zaune a garin da tantabaru ke bi ta kan ƙafarsa suna tsintar gutsuren burodi, shi kuwa sai dai ya janye ƙafar a hankali.

A bakin shagon akwai kujerar roba, ta Baba Sabi'u. Shi mutumin Gumel ne. Ya zo Umra shekara ashirin da biyu da suka wuce, bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, takardar zama. Wannan magana ce da ba a faɗa. Kowa a layin ya sani, amma ban taɓa jin wanda ya furta ba, ko a cikin faɗa. Aikinsa ɗaure wa alhazai kwalaye da igiya da salatif. In ya ga akwati mai rauni sai ya nuna shagon Kawu, in Kawu ya ga mai kwali sai ya nuna kujerar. Kowace Juma'a, bayan an sauko, su biyun a gidanmu suke cin abinci, faranti ɗaya. Tun ban yi wayo ba haka na tarar.

Haka kuma na tarar da kishin. Alhazan gida suna son Baba Sabi'u. Hausarsa ba ta gauraya ba, ya san garuruwansu da kasuwanninsu. Mutum zai tsaya a ɗaure masa kwali, kafin a gama sun gano cewa kakarsu ɗaya ko sun taɓa shiga mota ɗaya zuwa Maigatari. In suka juyo ga Kawu suka ce, “Alhaji kai fa, daga wane gari?” sai ya ce, “Nan ne garina,” ya sunkuyar da kai kan zif. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Abin da yake da shi wanda Baba Sabi'u ba shi da shi, a ganinsa, shi ne daji. Shi ya sa ba a yin wata guda bai kawo labarin zabon ba.

“Bara da ka ba mu labarin nan, da hannu ɗaya ka ɗauko shi,” in ji Baba Sabi'u wata Juma'a. “Bana na ji ka ce sai da ka saɓa shi a kafaɗa. Zabon nan a ina yake kiwo, Salihu? Mataccen tsuntsu yana ta ƙiba.”

“Kai me ka taɓa kamawa ban da igiya?”

“Na kama kwastomominka. Jiya uku na kawo maka.”

Umma tana jin su daga kicin tana dariya. Kawu kan yi dariyar shi ma, amma tasa tana riga ta kowa tsayawa.

Bara, ana tsakiyar zafi, wayar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta kama da wuta a gidan Inna Kabira a unguwar Ka'akiyya. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, jikoki uku a hannunta. Ba wanda ya ji rauni, amma ba su fita da komai ba. Dattawa suka kama wata istiraha, irin gidan nan mai fili da ake haya don biki, suka ce kowa ya kawo abin da zai iya a yi gwanjonsa, kuɗin a ba ta. Bayan La'asar aka taru. Mu mata muna ɓangarenmu, ba ma ganin maza, amma an ja mana lasifika, muna jin Malam Nasir mai jagorantar gwanjon. An sayar da keken ɗinki, da turaren wutar Gwaggo Ɗaso, da akuya. Kawu ya kawo akwatuna biyu sababbi, aka saye su ba tare da wani ja-in-ja ba.

Sai Malam Nasir ya ce Marwan yana da magana. Marwan ɗan Hausawa ne haifaffen unguwar Shisha, bai kai talatin ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Yana da motar shiga sahara, yana kai mutane kwana a daji, kuma duk mun san shi a waya, da shaho a dantse yana kallon nesa. Da Larabci ya yi maganar. Ya ce shi gudummawarsa tafiyar farauta ce, kwana uku, mutum biyu, mota da tanti da abinci da lasisi duk a kansa. Ya rubuta a takarda ya sa hannu. Aka yi ta tafi, ana sa masa albarka.

Muryar da ta fara tayawa na gane ta nan take. Umma ta kalle ni, na kalle ta. Kawu mutum ne da ke gyara silifas ɗinsa sau uku kafin ya sayi sabo, amma ga shi yana faɗin riyal ɗari biyar. Wasu samari biyu suka bi shi kaɗan, suka janye. Malam Nasir ya fara cewa an bar wa Salihu ke nan, sai wata murya ta ƙara daga baya.

“Sabi'u, wasa kake?” in ji Malam Nasir.

“Da kuɗi ake wasa? Ci gaba.”

Suka yi ta hawa, su biyu kaɗai. Mata suka daina hira. Kawu ya ƙara, Baba Sabi'u ya ƙara, kuma shi yana yi yana raha, har yana tambaya ko tafiyar ta haɗa da zabo mai hawa kafaɗa. Maza suka fashe da dariya. Daga nan ban sake jin muryar Kawu ba. Aka miƙa wa Baba Sabi'u takardar, aka yi ta yabonsa, ana cewa mai ɗaure kwali ya fi masu shago zuciya. A mota muna dawowa, da muka zo ƙofar gida Kawu ya ce, “Mutumin da bai san sawun zomo da na mage ba.”

Takardar ta ce mutum biyu. Kawu ya zauna jiran a gayyace shi, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Baba Sabi'u ya gane haka, ya mai da abin nishaɗi. Ya sa takardar a leda, yana ɗauke da ita a aljihun gaba, in alhaji ya tsaya sai ya ciro ya nuna.

“Ina dai tunanin wanda zan ɗauka,” yakan faɗa yana kallon titi. “Ana son mai sauran ƙarfi, wanda zai iya ɗaukar nama. Ko Malam Nasir ne? Ko ka san wani, Salihu?”

“Ka ɗauki igiyarka. Ita ta saba da kai.”

Wata rana Umma ta aike ni shagon da abincin rana. Kawu ya tafi masallaci, na shiga neman inda zan ajiye kwanon. Na ɗaga wani tsohon akwati da mai shi bai taɓa dawowa karɓa ba, na ji shi da nauyi. A ciki akwai sababbin takalman daji masu igiya, da hular rana, da wuƙar kakana, an wasa ta an shafa wa kuben mai. Na rufe yadda na same shi. Ban gaya wa kowa ba, har Umma.

Marwan kuwa ba ya ɗaga waya, sai dai a rubuta masa. Baba Sabi'u yana jin Larabcin kasuwa, amma ba ya karanta shi, don haka ranar Juma'a, bayan an ɗauke faranti, yakan miƙo min wayarsa inda nake zaune a bakin ƙofar falo. “Kausar, 'yar jami'a, rubuta wa yaron nan. Ki sa masa ladabi, amma ya ji.” Ni nake rubutawa, ni nake karanta amsa a fassara.

Amsar farko ta ce zafi ya yi yawa, a bari kaka ta shigo. Da kaka ta shigo, ya ce ba a buɗe lokacin farauta ba tukuna. Da aka buɗe, ya ce giyar mota ta lalace. Sai shahon ya fara zubar da gashi. Sai abokin aikinsa Turki ya tafi Riyad. Kowane saƙo da kalma ɗaya yake farawa, abshir, wato ka kwantar da hankalinka an gama. A waɗannan makonnin kuwa muna ganinsa a waya yana gasa nama a kan rairayi tare da wasu baƙi.

Duk sanda na karanta sabon uzuri, ina lura da fuskar Kawu. Yakan girgiza kai ya ce, “Yaran yanzu ba amana,” amma shayinsa yakan yi masa daɗi a ranar, har ya nemi ƙari. Na sha mamakin wannan. Mutumin da ya ɓoye takalma a akwati yana jiran tafiya shi ne kuma yake murna tafiyar ba ta yiwu ba. Daga baya na fahimci cewa ya fi son kada kowa ya je a kan Baba Sabi'u ya je ya dawo da labarin daji, ko da kuwa tare za su je.

Cikin sanyi, Baba Sabi'u ya kai ƙara wurin dattawa. Malam Nasir ya kira Marwan ya yi masa faɗa, Marwan ya yi rantsuwa ya sa rana, mako biyu masu zuwa. A wannan karon abin ya yi kama da gaske. Baba Sabi'u ya sayi bargo. Har yanzu bai ce wa Kawu komai ba.

Juma'ar da ta rage kwana shida a tafi, Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Suka ci, suka yi tsiyarsu kamar kullum, sai dai Kawu bai cika magana ba. Baba Sabi'u ya miƙo min waya ya ce saƙo ya shigo tun safe. Na buɗe na fara karantawa a zuciyata, na tsaya.

“Mene ne? Shahon ne ya sake yin mura?”

“Ya ce lasisin sai da lambar iƙama,” na ce. “Ya ce akwai shingen bincike a hanya, ba zai iya ɗaukar wanda ba shi da takarda ba. Ya ce ka yi haƙuri.”

Baba Sabi'u ya ajiye kofinsa. “Wa ya ce masa ba ni da ita? Yaron nan bai san ni ba sai ranar gwanjo.”

Saura layi ɗaya a saƙon. Na so in ce shi ke nan, amma ban iya ƙarya da baki ba, kuma ya ga idona yana kan wayar.

“Karanta duka, 'yata.”

Na kalli Kawu. Shi yana kallon tabarma.

“Ya ce, da bai sani ba. Ya ce Ammu Salihu ne ya zo ya same shi shekaranjiya ya faɗa masa, don kada a samu matsala.”

Umma ta fito daga kicin ta tsaya, hannunta da ruwa. Kawu ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

“Don kare ka na yi. In aka tsayar da ku a hanya fa?”

“Don kare ni.” Baba Sabi'u ya gyaɗa kai. “Shekara ashirin da biyu, Salihu, ka taɓa jin wani a layin nan ya faɗi maganar nan? Ɗan Yaman mai shayi da muka yi dambe da shi bai faɗa ba. Sai kai. Kuma ga yaron da duk abin da ya ji sai ya sa a waya.”

“To kai me ya kai ka saye? Ka san ba ka fita daga Makka. Ka san ni nake so. Ka tsaya a gaban mutane kana yi min dariya.”

“Na sani.” Ya karɓi wayarsa daga hannuna ya sa a aljihu. “Da gangan na yi. Layin wayar nan da sunanka yake. Kujerar da nake zama a ƙofarka take. Tuwon nan na ƙanwarka ne. Kai ka je Jidda, ka je Ɗa'if, ka je Madina ka dawo min da dabino, ni ina zaune ina gadin shago. Na ce sau ɗaya dai in riƙe abin da kake so. Ana jibi a tafi zan ce maka, Salihu shirya. Da wa zan je in ba kai ba? Amma so nake ka je a baƙona.”

“Da ka faɗa.”

“Da na faɗa, da ban ji daɗin ganin fuskarka ba duk watannin nan. Wannan laifina ne, na ɗauka. Ko da an tsayar da mu, ni na zaɓa. Naka fa?”

Ya miƙe, ya yi wa Umma godiya kamar yadda ya saba, ya sa mata albarka, ya sa takalmansa ya fita. Kawu bai bi shi ba.

Abin da Baba Sabi'u ya ji tsoro ya faru, ko da yake ba da muni sosai ba. Marwan, don ya wanke kansa wurin dattawa da abokansa, ya yi ta bayyana dalilin fasa tafiyar ga duk wanda ya tambaya. Cikin mako ɗaya mai gidan da Baba Sabi'u ke haya ya ce masa ya nemi wani wuri, shi ba ya son fitina. Ya koma can ƙarshen Ka'akiyya, ya daina zuwa Kudai. Kafin ya tashi ya aiko wa Kawu da takardar a cikin ledarta ta hannun Malam Nasir, da saƙo gajere: ga ta nan, mai iƙama ya je.

Na ɗauka Kawu zai ji kunyar amfani da ita. Sai da ya yi kwana goma, sannan ya sa farar jallabiya, ya ɗauki takardar da iƙamarsa, ya shiga tasi zuwa Shisha. Da ya dawo, a gidanmu ya sauka, ya ba Umma labari ina ji. Marwan ya tarbe shi da gahawa, ya sumbaci kansa. Ya ce takardar da sunan Sabi'u take. Da Kawu ya ce mai ita ya ba shi, sai Marwan ya ce ai motar ma ya sayar, yanzu harkar shagon turare yake so ya shiga.

“Ya ce min, ya ammu, ai sadaka ce. Kuɗin ya je wa Inna Kabira, ta gyara ɗakinta, kowa ya samu lada. Me ya rage?” Kawu ya juya takardar a hannunsa. “Ashe ko da ban je na faɗa masa ba, ba zai kai kowa ba. Uzuri yake nema, ni na kai masa har gida.”

Malam Nasir ya ce babu inda za a kai maganar, domin duk inda aka kai ta sai an tambayi wanda ya saya, sai an nemi takardunsa. A nan ta tsaya. Har yau in aka yi zancen gobarar Inna Kabira, akan ce Marwan ya kyauta, Sabi'u kuma ya yi abin maza. Akwatuna biyun da Kawu ya bayar ba mai tunawa da su. Wannan ma yana ci masa rai, na sani, don ya taɓa faɗa wa Umma.

Kujerar robar tana nan a bakin shago. Wani ɗan Nijar ya nemi ya riƙa ɗaure kwali a wurin, Kawu ya ce akwai mai ita. Takalman suna cikin akwatin, ban ga alamar an taɓa su ba. Labarin zabon kuwa ya daina bayarwa. Sau ɗaya na ji ya fara ba wani alhaji, mutumin ya saurara da ladabi, ya ce Allah mai iko, bai yi gardamar komai ba. Kawu ya tsaya a tsakiya ya koma kan zif.

Sau biyu ya ce in rubuta wa Baba Sabi'u saƙo. Na tuna masa cewa Baba Sabi'u ba ya karatu, sai dai a ɗauki murya. Ya karɓi wayar, ya yi sallama, ya tambayi lafiya, sannan ya ce in goge. Layin Baba Sabi'u dai har yanzu da sunan Kawu yake, kuma duk wata yana sa masa kati ba tare da an tambaye shi ba. Baba Sabi'u bai taɓa cewa ya gani ba, bai kuma canza layin ba.

Juma'ar da ta wuce Kawu ya zo shi kaɗai kamar yadda yake zuwa yanzu. Umma ta rage yawan tuwon da take tuƙawa, amma farantin bai canza ba, sai ya zauna a gefe ɗaya yana ci daga gabansa. Cikin hira ta ce ta haɗu da matar Malam Nasir a kasuwa, ta ce mata Sabi'u lafiyarsa ƙalau, a gidansu yake cin abincin Juma'a yanzu, yana ta ba yara dariya.

Kawu ya tsaya da loma a hannu.

“A gidan Nasir?”

“Eh.”

Ya mai da lomar cikin faranti, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Me suke dafa masa?”